Silverstone, 13 ga Mayu 1950: Tambayoyi da Amsoshi kan Tseren da Ya Buɗe Gasar Formula 1 ta Duniya

Duk shekara idan watan Maris ya kama, masu bin tseren motoci kan zuba ido su ga wace mota ce za ta fara ɗaga kai a tseren buɗe kaka. Al'adar tana da mafari, kuma mafarin nan ba shi da ƙyalƙyalin da ake gani yau a talabijin. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa, da kuma kan abin da ya biyo baya.

Wane tsere ake nufi, kuma a ina aka yi shi?

Grand Prix na Birtaniya, wato babban tseren motoci na ƙasar, na shekarar 1950. An yi shi ranar Asabar 13 ga Mayu a filin Silverstone da ke tsakiyar Ingila, kan iyakar gundumomin Northamptonshire da Buckinghamshire. Shi ne zagayen farko cikin bakwai na gasar direbobi ta duniya da hukumar FIA mai hedikwata a Paris ta ƙirƙiro a waccan shekara. Motoci 21 suka tashi, an yi zagaye 70 a titi mai tsawon kilomita 4.649, jimilla kilomita 325 da ɗan ɗoriya. Giuseppe Farina ɗan Italiya, wanda aka fi sani da Nino, shi ya ci da motar Alfa Romeo, cikin awa 2 da minti 13 da daƙiƙa 23.6.

To kafin ranar ba a tseren motoci ne?

Ana yi, tun da daɗewa. Grand Prix na farko an yi shi a 1906 kusa da Le Mans a Faransa, Ferenc Szisz ɗan Hungary ya ci da motar Renault. A shekarun 1930 har gasar zakarun Turai aka yi, lokacin da Mercedes-Benz da Auto Union na Jamus suke cin karensu babu babbaka da tallafin gwamnatin Hitler. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da komai. Bayan yaƙi aka tsara ƙa'idojin da ake kira Formula 1, aka fara tsere da su a Turin a 1946.

Abin da 1950 ta kawo sabo ɗaya ne: a zaɓi wasu manyan tsere, a riƙa ba da maki, a ƙarshen shekara a naɗa mutum ɗaya zakaran duniya. Masu tseren babur sun riga su da shekara guda, a 1949 suka fara tasu gasar. Ko a 1950 ɗin ma, Silverstone ba shi ne tseren Formula 1 na farko a shekarar ba. A watan Afrilu an yi na Pau a Faransa da na San Remo a Italiya, Juan Manuel Fangio ya cinye duka biyun, sai dai babu maki a cikinsu. Shi ya sa jaridun lokacin suka fi zuzuta laƙabin girmamawa da aka ba tseren, wato Grand Prix na Turai, da zuwan Sarki, fiye da maganar sabuwar gasa. A ganina, wanda ya tsaya a bakin titin ranar ya fi ganin ragowar zamanin kafin yaƙi fiye da somin sabon zamani. Motocin tsofaffi ne, direbobin ma haka.

Me ya sa aka yi shi a filin jirgin sama?

Don babu wani wurin. Kafin yaƙi Ingila tana da Brooklands da Donington Park. Brooklands ta koma masana'antar ƙera jirage ba ta sake dawowa ba, Donington kuma sojoji sun mayar da ita wurin ajiye motocinsu. Abin da ƙasar take da shi birjik shi ne filayen jiragen yaƙi da aka daina amfani da su. Silverstone sansanin sojin sama ne da aka buɗe a 1943, inda ake horar da matuƙa jiragen Wellington masu jefa bom. Ƙungiyar masu motoci ta RAC ta karɓi hayarsa, ta shirya tsere a watan Oktoban 1948, Luigi Villoresi ya ci da Maserati.

A waccan shekarar ta farko har kan titunan saukar jirage aka bi. Daga 1949 aka koma hanyar da ta kewaye filin, kuma a nan ne kwanonin da ake ji har yau suka samu matsayinsu: Woodcote, Copse, Maggotts, Becketts, Chapel, Stowe, Club da Abbey. A 1950 layin tashi yana tsakanin Abbey da Woodcote, don haka Woodcote ce kwana ta farko da aka sha a tarihin gasar. Da gangunan mai da dammunan busasshiyar ciyawa aka shata gefen hanya, tsakiyar filin kuwa gona ce ana noma ta.

Su wa suka shiga?

Alfa Romeo ta kawo motoci huɗu, kuma su huɗun suka cika sahun gaba: Farina, Luigi Fagioli, Fangio, da Reg Parnell ɗan Ingila wanda aka ba mota ta huɗu don a karrama masu masauki. Farina yana da shekara 43, Fangio 38, Fagioli 51. Akwai Louis Chiron ɗan Monako mai shekara 50, da Philippe Étancelin Bafaranshe mai 53. Mafi ƙanƙanta a cikinsu, Geoffrey Crossley, shekararsa 29. Yaƙi ya cinye musu shekarun ƙuruciya, sabbin jini kuma ba su iso ba tukuna. Stirling Moss, wanda daga baya ya zama gwarzon Ingila, yana nan a filin ranar yana ɗan shekara 20, amma a ƙaramin tseren share fage na motoci masu injin babur ya fafata.

Jerin sunayen kansa abin karantawa ne. Wanda ya tashi a matsayi na biyar, Yarima Bira, jikan Sarki Mongkut ne na Siyam, wato Tailan ta yau. Ya yi karatu a Eton, daga baya ya wakilci ƙasarsa a tseren kwale-kwale a gasar Olympics har sau huɗu. Johnny Claes na Beljiyam makaɗin jazz ne mai busa ƙaho. Tony Rolt sojan Birtaniya ne da Jamusawa suka tsare a kurkukun Colditz saboda yawan yunƙurin gudu. Da yawa daga cikin Turawan Ingilar da suka shiga da kuɗin aljihunsu suka sayi motocin, tsofaffin ERA na shekarun 1930 da Maserati da Alta, su da makanikansu suka jawo su zuwa filin.

Ina Ferrari? Ina Jamusawa?

Ferrari ba ta zo ba. Abin mamaki ne ga kamfanin da ake wa kirari da cewa shi kaɗai ya shiga kowace kaka tun 1950, amma haka aka yi. A lokacin masu shirya tsere kan biya kowace tawaga kuɗin fitowa, Enzo Ferrari kuma ya raina abin da Ingilishi suka taya. Sai ya tura motocinsa wani tseren Formula 2, ajin da ke ƙasa da Formula 1, a garin Mons na Beljiyam a ƙarshen makon. Ya shigo gasar bayan kwana takwas, a Monako, ranar 21 ga Mayu, inda Alberto Ascari ya zo na biyu.

Jamus kuwa ba ta gama fita daga takunkumin bayan yaƙi ba. Sai 1951 aka sa Grand Prix ɗinta a jadawali, Mercedes kuma ba ta dawo ba sai 1954.

Wace irin mota ce wannan Alfa Romeo da ta gagari kowa?

Sunanta 158, Italiyawa na ce mata Alfetta. Gioacchino Colombo ya zana ta a 1937, aka haɗa ta a garejin Enzo Ferrari da ke Modena, lokacin da yake riƙe wa Alfa Romeo harkar tsere. Ta fara fita a 1938 a Livorno, ta ci. A 1940 Farina ya ci tseren Tarabulus da ita, a Libiya, lokacin ƙasar tana hannun Italiya. Da yaƙi ya yi zafi aka ɓoye motocin a wajen Milan, labarin da ya fi yaɗuwa shi ne a wata masana'antar cuku a garin Melzo. Ke nan motar da ta ci tseren farko na sabuwar gasa ta shekara 12 tana kan hanya.

Dokar 1950 ta ba da zaɓi biyu. Ko inji mai lita 4.5 wanda ke shaƙar iska da kansa, ko ƙarami mai lita 1.5 da aka ɗaura wa na'urar cusa masa iska da ƙarfi. Alfa ta bi hanya ta biyu: silinda takwas a jere, da na'urar cusa iska mai hawa biyu. A 1938 ƙarfinta bai wuce na dawaki 200 ba, zuwa 1950 ya kai kimanin 350. Injin yana gaba, direba yana zaune a tsaye ƙiƙam a bayansa, giya huɗu, tayoyi sirara, sitiyarin katako mai faɗin faifai. Totur yana tsakiya, birki a dama, kuloci a hagu, wanda ya saba da motar gida ya shiga ba shiri zai iya taka totur yana neman birki.

Lagonta shi ne shan mai. Ba fetur zalla take sha ba, haɗi ne da akasarinsa methanol, kuma wani kaso nasa aikinsa sanyaya injin. Wadda ta gaje ta a 1951, wato 159, ta kai tana shan fiye da lita ɗaya da rabi a kowace kilomita. Motocin Talbot-Lago na Faransa masu lita 4.5 ba su da gudu kamarta, amma suna iya daɗewa ba su tsaya ba, kuma da wannan dabara suke tsintar maki.

Me ya sa aka tara dattawa uku a tawaga ɗaya?

Don mutuwa ta yi wa Alfa Romeo ɗauki ɗai-ɗai. Achille Varzi ya rasu a 1948 a gwajin tseren Suwizalan. Jean-Pierre Wimille, wanda ake gani shi ne gwanin zamanin, ya rasu a Buenos Aires a Janairun 1949 cikin wata motar daban. Carlo Felice Trossi kuma ciwon daji ya ɗauke shi a watan Mayun 1949. Kamfanin ya zauna a gida duk shekarar 1949, da zai dawo sai ya nemo tsofaffin hannu biyu na Italiya, ya haɗa su da baƙon Ajantina da ya yi ta cin tsere a Turai a shekarar da ta gabata. Sunayensu duka da harafi ɗaya suka fara, shi ya sa ake ce musu F uku.

Yaya tseren ya gudana?

Maganar gaskiya, ba tsere ne mai tsayar da numfashi ba. Alfa huɗu suka tashi a gaba suka tafi, sauran suka shiga tseren kansu a baya. Farina da Fagioli da Fangio sun yi ta karɓe-karɓen jagoranci a farko, abin da da yawa suka ɗauka wasa ne don a nishaɗantar da 'yan kallo. Yarima Bira ya ɗan riƙe matsayi mai kyau kafin motarsa ta tsaya da matsalar mai. Chiron ma bai gama ba.

Abin da ya sauya lissafi ya faru ne ana saura zagaye takwas. Fangio ya goge damin ciyawa a gefen hanya, bututun man inji ya fashe, a zagaye na 62 injin ya mutu. Farina ya ƙarasa, Fagioli na bin sa da tazarar daƙiƙa 2.6, Parnell na uku da tazarar daƙiƙa 52. Na huɗu da na biyar, Yves Giraud-Cabantous da Louis Rosier, duka da Talbot-Lago, an zagaye su sau biyu. Bob Gerard ya kawo tsohuwar ERA ɗinsa ta shida. Motoci 11 aka lissafa sun kammala. Farina ya haɗa uku rigis: shi ya tashi a gaba, shi ya yi zagaye mafi sauri da minti 1 da daƙiƙa 50.6, shi ya ci.

Da gaske ne wata mota ta buge zomo?

Da gaske ne. Parnell ya yi karo da zomon daji da ya gitta, gaban motar ya lotsa, ya ci gaba da tafiya har ya zo na uku.

An ce Sarkin Ingila ya halarta?

Sarki George na Shida ya zo tare da matarsa Sarauniya Elizabeth da 'yarsu Gimbiya Margaret, da Lord Mountbatten da matarsa. An jera direbobi ya bi su yana gaisawa kafin a tashi. 'Yan kallo sun haura 100,000, ƙananan hanyoyin ƙauyukan da ke kewaye suka cushe.

Abin da Ingilishi suka fi ɗokin gani ranar kuwa bai shiga tseren ba. BRM ce, motar da Raymond Mays ya tara gudummawar kamfanonin Birtaniya don a ƙera, mai silinda 16 a inji lita 1.5. Ba ta gama shiryuwa ba, sai aka zagaya da ita kaɗan a nuna wa Sarki. Da aka fito da ita tsere na gaske a wannan fili a watan Agusta, ana daga tuta wani ƙarfe da ke juya tayoyin baya ya karye, ba ta bar layin tashi ba.

Yaya ake ba da maki a lokacin?

Mutum biyar na farko kaɗai: 8, 6, 4, 3, 2, sai maki ɗaya ga wanda ya yi zagaye mafi sauri. Cikin tsere bakwai, sakamako huɗu mafi kyau ake lissafa wa kowa. Direbobi biyu suna iya yin karɓa-karɓa da mota ɗaya su raba makin, kuma a Silverstone ma an yi karɓa-karɓar, Joe Fry da Brian Shawe-Taylor a Maserati ɗaya, Peter Walker da Tony Rolt a ERA ɗaya. Babu kofin kamfanoni, sai 1958 aka kawo shi, Vanwall ta Ingila ta fara ɗauka. A yau mutum goma ke samun maki, na farko 25, kuma kakar 2024 da ta 2025 tsere 24 kowacce ta ƙunsa.

Shin lalacewar motar Fangio a Silverstone ce ta hana shi kambun 1950?

Lissafi ya ce e. Ga yadda kakar ta tafi. Bayan Silverstone aka je Monako, inda igiyar teku ta watso ruwa kan titi a kwanar Tabac, motoci tara suka yi karo a zagayen farko har da Farina da Fagioli, Fangio ya tsallake ya ci. Farina ya ci Suwizalan a Bremgarten ranar 4 ga Yuni. Fangio ya ci Beljiyam a Spa, ya ci Faransa a Reims. Aka tafi tseren ƙarshe a Monza ta Italiya ranar 3 ga Satumba Fangio na da maki 26, Fagioli 24, Farina 22. A Monza motar Fangio ta lalace, ya karɓi ta Piero Taruffi, ita ma ta lalace. Farina ya ci, ya tashi da 30, Fangio 27, Fagioli 24.

Yanzu a duba makin Fangio: 9 a Monako, 8 a Spa, 9 a Reims, da maki ɗaya tak na zagaye mafi sauri a Monza. Wannan ɗayan shi ne sakamakonsa na huɗu. Da ya ƙarasa Silverstone a na biyu, 6 zai maye gurbin 1 ɗin nan, ya tashi da 32, ya wuce Farina. Ko na uku ya zo, da sun yi kunnen doki a 30. Kowannensu ya ci tsere uku, bambancin kawai Farina yana da matsayi na huɗu a Spa da ya ƙara masa maki, Fangio kuwa duk inda bai ci ba to bai gama ba.

Masu son Fangio a Ajantina sun daɗe suna zargin cewa kamfanin Italiya ya fi son ɗan Italiya ya ɗauki kambu a Monza. Ni dai ban ga buƙatar wannan zargi ba. A Silverstone babu wanda ya tura shi kan damin ciyawa, kuma maki shidan da suka zube a can sun isa su rufe tazarar.

Wane ne Farina, kuma me ya sa ba a cika ambatonsa ba?

An haife shi a Turin ranar 30 ga Oktoba 1906, a gidan masu ƙera bodin mota. Baffansa shi ne Battista Farina, wanda ya kafa kamfanin Pininfarina. Yana da digirin dakta, kuma shi ya shahara da salon tuƙi na jingina baya a miƙe hannuwa, wanda Moss ya kwaikwaya. Mutum ne mai taurin kai a kan titi, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, kuma an sha ɗora masa alhaki a haɗurran da Marcel Lehoux ya mutu a 1936 da László Hartmann a 1938. Shi kansa ya sha karaya da ƙuna.

Dalilin da ya sa aka manta da shi bai wuce wanda ya zo bayansa ba. Fangio ya ɗauki kambu a 1951, 1954, 1955, 1956 da 1957, tarihin da ya tsaya har sai da Michael Schumacher ya karya shi a 2003. Farina kuwa tsere biyar kacal ya ci a gasar. Ya rasu ranar 30 ga Yuni 1966, ba a filin tsere ba, a kan hanyar tsaunukan Faransa kusa da Chambéry, yana tuƙa motarsa zai je kallon Grand Prix na Faransa.

Wane irin kariya direbobi da 'yan kallo suke da ita?

Kusan babu. Hular kwano ba dole ba ce sai 1952, yawancinsu hular yadi ko ta fata suke sawa da tabarau, wasu da riga mai gajeren hannu. Bel ɗin ɗaure jiki ba a wajabta shi ba sai 1972, kuma direbobin wancan zamani sun fi son mota ta wurgar da su waje da su maƙale cikinta tana ci da wuta, tunda tankin mai yana manne da bayansu. Igiya da dammunan ciyawa ne tsakanin mota da jama'a.

A Silverstone an tashi lafiya, amma Joe Fry bai ga ƙarshen watan Yuli ba, ya mutu a wani tseren hawan tudu a Blandford. Fagioli ya rasu a 1952 bayan haɗari a Monako, Rosier a 1956 bayan haɗari a Montlhéry. Tseren buɗe kakar 1953 a Buenos Aires ya nuna inda sakacin yake kaiwa: gwamnatin Juan Perón ta bar ƙofa a buɗe, jama'a suka cika gefen titi, Farina ya kauce wa wani yaro da ya shigo hanya ya afka cikin mutane, da dama suka mutu.

Idan aka kwatanta da gudun yau fa?

Zagayen Farina mafi sauri ya kama kimanin kilomita 151 a awa. A 2020 Lewis Hamilton ya zagaya Silverstone ta yau, mai tsawon kilomita 5.891 da ƙarin kwanoni, cikin minti 1 da daƙiƙa 24.3, wato sama da kilomita 250 a awa. A miƙaƙƙiyar hanya tazarar ba ta kai haka ba, don Alfetta tana doshin kilomita 290. Inda motar yau ta yi mata fintinkau shi ne birki da riƙe ƙasa a kwana.

Me ya kawo Indianapolis cikin gasar?

Don a samu bakin cewa ta duniya ce. Tseren mil 500 na Indianapolis a Amurka yana cikin jadawali daga 1950 zuwa 1960, da dokokinsa daban da direbobinsa daban. Johnnie Parsons ya ci na 1950. Cikin manyan Turai Ascari ne ya gwada a 1952, bai gama ba.

Har yaushe Alfa Romeo ta ci gaba da mulki?

Shekara ɗaya da wata biyu. Ranar 14 ga Yuli 1951 José Froilán González ɗan Ajantina ya doke ta da Ferrari 375 mai lita 4.5, wadda ba ta shan mai kamar Alfetta. Nasarar Ferrari ta farko ke nan a gasar. Fangio ya lallaɓa ya ɗauki kambun 1951, sannan Alfa, wadda mallakar gwamnatin Italiya ce kuma ba a ba ta kuɗin sabuwar mota ba, ta janye. Ficewarta ta bar fagen ba abokin karawa, har aka yi kakar 1952 da 1953 da dokokin Formula 2, Ascari ya kwashe duka biyun.

Silverstone ta ci gaba da buɗe kaka?

A'a, sau ɗaya ke nan. Tseren Birtaniya ya koma tsakiyar bazararsu, wajen watan Yuli. Suwizalan ta buɗe 1951 da 1952, sai Ajantina ta karɓa daga 1953 zuwa 1958. Dalilin yanayi ne: Janairu a Turai sanyi da ƙanƙara, a kudancin duniya kuma rana ce.

Wannan dalili ne ya kawo buɗe kaka nahiyar Afirka. A 1965 an fara a East London ta Afirka ta Kudu ranar 1 ga Janairu, Jim Clark ya ci. Daga 1967 zuwa 1971 Kyalami ce, kusa da Johannesburg. A can Clark ya ci nasararsa ta 25 ranar 1 ga Janairun 1968, ya wuce 24 ɗin Fangio, bayan wata uku ya rasu a filin tseren Hockenheim na Jamus. A can ne kuma a 1982 direbobi suka yi yajin aiki kan sharuɗɗan lasisi, Niki Lauda da Didier Pironi na gaba, suka kulle kansu a otel suka kwana ɗaki ɗaya. Duk wannan a zamanin wariyar launin fata aka yi shi, kuma gasar ba ta bar ƙasar ba sai bayan 1985, lokacin da matsin lamba ya yi yawa. Ta dawo Kyalami a 1992 da 1993, duka a matsayin buɗe kaka. Tseren 1993 da Alain Prost ya ci shi ne na ƙarshe da aka yi a Afirka.

Burazil ta riƙe matsayin a yawancin shekarun 1980. Daga 1996 zuwa 2019 Melbourne ta Ostireliya ta zama gidan buɗe kaka, in ban da 2006 da 2010 da aka fara a Bahrain. A 2020 tawagogi sun riga sun isa Melbourne aka soke tseren ranar Juma'a saboda korona, kakar ba ta fara ba sai 5 ga Yuli a Ostiriya.

Wanda ya ci tseren farko shi ke zama zakara?

Yana faruwa, amma ba abin dogaro ba ne. Farina ya yi a 1950, Jenson Button ya yi a 2009 da tawagar Brawn da aka ceto daga rushewa makonni kaɗan kafin a fara, Nico Rosberg ya yi a 2016. Daga nan sai shekara shida a jere ta leƙo ta koma: Sebastian Vettel ya ci tseren farko a 2017 da 2018, Valtteri Bottas a 2019 da 2020, amma Hamilton ya ɗauki kambu duka huɗun. Hamilton ya ci na 2021, Charles Leclerc na 2022, Max Verstappen ya kwashe kambun biyu. A kakar da sakamako huɗu kawai ake lissafawa, tsere ɗaya kashi ɗaya bisa huɗu ne na abin da mutum zai tara. A kaka mai tsere 24, tawagar da ta fara da baya tana da wata tara ta gyara motarta.

Me ya sa wani lokaci ake farawa a Bahrain, wani lokaci a Ostireliya?

Kwangila da yanayi suna ciki, amma a 'yan shekarun nan azumi ne ke yanke hukunci. Bahrain ta buɗe kaka daga 2021 zuwa 2024, kuma tawagogi suna son ta don a filin Sakhir ɗin suke gwajin motoci kafin a fara. Sai dai Bahrain da Saudiyya ba sa karɓar tsere cikin Ramadan, watan kuma yana zuwa da wuri da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2024 aka yi tseren Jidda ranar Asabar 9 ga Maris don a gama kafin a ɗauki azumi, wannan ya jawo na Bahrain ma ya dawo Asabar 2 ga Maris, saboda dokar da ta ce a bar mako guda tsakanin tsere biyu. A 2025 azumi ya mamaye watan Maris kusan gaba ɗaya, sai aka mayar da Bahrain 13 ga Afrilu, Jidda 20 ga Afrilu, Melbourne ta buɗe kaka ranar 16 ga Maris, Lando Norris na McLaren ya ci cikin ruwan sama.